Na Hango Marigayi Mijina A Ƙarƙashin Fitilun Kirsimeti Na Landan, Fatalwarsa Ce Ke Bi Na?

Tambaya: Likita, ni 'yar Jos ce, ina aikin jinya a Landan. Mijina ya rasu a watan Fabrairu, ya bar ni da yara biyu, mace 'yar shekara 11 da namiji ɗan shekara 7. Duk Disamba shi ke kai mu Regent Street kallon fitilun Kirsimeti. Makon jiya ina cikin bas muka ratsa ta wurin, sai na hango shi tsaye ƙarƙashin fitilun nan masu siffar mala'iku, da hularsa ta sanyi. Na sauka na duba, ban ga kowa ba. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Gwaggona a gida ta ce fatalwarsa ce ta biyo ni, kada in ƙara taka wurin, in daina kiran sunansa a gaban yara. Ta haɗa ni da wani mai addu'a da ya nemi in tura kuɗi ya raba mu. Wata abokiyar aiki kuma ta ba ni diazepam, maganin kwantar da hankali da sa barci. Yara kullum tambaya suke yaushe za mu je ganin fitilun Baba. Hankalina ne ke taɓuwa? In kai su ko in bari?

Amsa: 'Yar'uwata, Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran nan. Hankalinki bai taɓu ba, kuma babu abin da ke bin ki.

Tunda jinya ce aikinki, ba sai na tsaya bayanin mene ne makoki ba. Abin da kika gani daga tagar bas abu ne da masu takaba suka daɗe suna gani. A 1971 wani likita a Wales mai suna Dewi Rees ya zanta da mutum 293 da suka rasa miji ko mata, ya tarar kusan rabinsu sun taɓa jin marigayin yana kusa da su, wasu sun gan shi, wasu sun ji muryarsa. Akasarinsu sun ce abin ya sanyaya musu rai, amma ɓoyewa suke yi don kada a ce sun zare. Dalilin ba mai nisa ba ne. Shekara da shekaru idonki ya saba tsamo mutum guda daga cikin taro, da tsayinsa da tafiyarsa da hularsa. Wata goma ba su isa su goge wannan sabo ba. Ga duhu, ga cunkoso, ga titin da kika saba ganinsa a kai, sai ƙwaƙwalwa ta cike abin da ido bai gani sosai ba da fuskar da take nema. Kin sauka, kin duba, kin san ya rasu. Wanda cutar taɓin hankali ta kama ba haka yake yi ba.

Yanzu bari in zauna a kan maganar fatalwa, domin ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya kusan kullum a ɗakin duba marasa lafiya. Mace za ta zo mini a rame, ido ya faɗa, in tambaye ta me ya faru, ta ce ta yi mafarkin mijinta, an ce mata kiranta yake ta bi shi. Mafarkin da ya kamata ya rage mata kewa an mai da mata shi takardar sammacin mutuwa. Daga ranar ba ta ƙara yarda ta rufe ido. Rashin barci kuwa, kin sani, yana ƙara faɗuwar gaba, yana kuma ƙara yawan gane-ganen, sai mai addu'ar ya ce kin gani ko, abin ya yi ƙarfi, a ƙaro kuɗi. Wannan cin amanar marayu ne. Mutumin da bai taɓa ganinki ba, bai san ko kina cin abinci ba, bai tambayi yadda yaranki ke kwana ba, lambar asusunsa kawai ya turo. Na ga matan da aka yi wa haka har kuɗin hayar gida ya tafi, ciwon damuwa mai tsanani na cin su ba wanda ya lura, domin kowa ya tafi neman fatalwa.

Addu'a kam ki yi, ki kuma nemi faston cocinki da zumuntar mata su tsaya miki. Amma ki buɗe Littafi Mai Tsarki ki duba. A Yohanna sura 11 Yesu ya yi kuka a wurin makokin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. A 1 Tasalonikawa 4:13 Bulus bai hana baƙin ciki ba, cewa ya yi kada a yi shi irin na marasa bege. 'Yan'uwanmu Musulmi ma sun san Annabi Muhammadu (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. To ina aka samo cewa tuna mamaci da kuka dominsa ƙofa ce ga wani abin tsoro?

Shawarar kauce wa wurin ma ba ta tsayawa inda aka fara ta. Yau Regent Street ce, gobe bas ɗin da ke bi ta can, jibi kantin da ke sa waƙoƙin Kirsimeti, kafin ki ankara duk watan Disamba ya zama watan kulle ƙofa. Duk lokacin da kika kauce za ki ji sauƙi na ɗan lokaci, kuma wannan sauƙin ne ke koya wa zuciya cewa lallai wurin haɗari ne.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne hana kiran sunansa. Ɗan shekara bakwai idan ya ga an yi shiru da sunan ubansa ba mantawa yake ba. Zama yake ya ƙirƙiro wa kansa dalili, kuma sau da yawa dalilin da yara ke kamawa shi ne su suka jawo mutuwar, don sun yi rashin ji ko sun taɓa yin fushi da Baba. 'Yar shekara goma sha ɗayar kuma za ta haɗiye nata kukan don ta kare ki, ta zama uwa tun ba ta isa ba. Yaranki sun kira wurin da sunan fitilun Baba. Su da kansu sun gaya miki yadda suke son su tuna shi.

Diazepam ɗin ki mayar wa mai shi. Kin fi ni sanin cewa ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan sa saboda jiki na kama shi, kuma haɗa shi da giya, a wannan wata na liyafa, na iya danne numfashi. Yana cikin magungunan da doka ta sa wa takunkumi a Ingila, karɓarsa daga hannun abokiyar aiki na iya taɓa lasisinku ku biyun. In kin riga kin yi makonni kina sha kullum, kada ki yanke farat ɗaya, ki je wurin likitanki a rage miki a hankali.

Batun zuwa, ra'ayina ku je. Ki zaunar da su tukuna, ki ce musu wataƙila Mama ta yi kuka a can, kuma ba laifi in su ma sun yi. Ki zaɓi ranar aiki. A Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, saboda haka da an tashi makaranta fitilun sun haska, ba sai kun jira tururuwar dare ba. Ki tafi da babba guda da yaran suka saba da shi, ku yi yarjejeniya cewa duk wanda ya ce a koma gida, an koma, ko da minti goma kuka yi. In sun ba da labarin yadda yake ɗaga ƙaramin a kafaɗa, ki bar su su bayar har ƙarshe. In ƙafa ta yarda ku gangara Trafalgar Square, inda ake kafa itacen da birnin Oslo ke aiko wa Landan duk shekara tun 1947 don godiyar taimakon da aka yi wa Norway a Yaƙin Duniya na Biyu. Gidajen kula da masu jinyar ajali da dama a Ingila suna yin taron Light up a Life, a kunna fitila da sunan wanda aka rasa, wasu coci-coci kuma na yin sujada ta masu makoki wajen 21 ga Disamba, dare mafi tsawo a shekara. In kin auna kin ga bana ba za ki iya ba, ki gaya wa yaran gaskiya, wani ya kai su. Gajiyarki dalili ce mai kyau. Tsoron fatalwa ne ban yarda ya yanke miki hukunci ba.

Ga inda nake so ki sa ido. Tun 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa makokin da ya zarce wata shida da tsananinsa, har ya hana mutum tafiyar da rayuwarsa, cikin abin da ake yi wa magani. In aiki ya gagare ki, abinci ba ya shiga, rashin barcin ya ƙi sauƙi, ki ga likitanki. A Ingila kina iya rubuta kanki a NHS Talking Therapies, sashen hukumar lafiyar ƙasar da ke magance damuwa ta hanyar tattaunawa, ba sai an tura ki ba, kuma ki yi yau, don layin na iya yin tsawo. Ƙungiyar Cruse tun 1959 take taimakon masu makoki, Child Bereavement UK kuma ta yara ce. In tunanin bin sa ya taɓa zo miki, ko sau ɗaya, ki kira Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu ƙuncin rai, a 116 123 kowane lokaci, in abin ya matsa ki kira lambar gaggawa ta 999.

Gwaggo kuma ki kira ta ki gode mata, tsoro da ƙauna ne suka sa ta faɗi abin da ta faɗa. Ki ce mata kin ga likita, kuma kina so ta riƙa yi muku addu'a da bakinta. Kuɗin nan kada ki tura, lambar mutumin kuma ki toshe ta.