Amsa: Wane nafkin zan saya wa jariri?

Barka da arziki 'yar uwa, Allah ya raya. Tunda kin ce kuɗin Pampers ya ishe ki, nemi farin nafkin na auduga zalla, mai kamar tawul. A Kantin Kwari ko Sabon Gari, ki damƙa ki ji: mai santsi da sheƙi akwai roba a ciki, ba ya shan fitsari.

Sabon haihuwa yakan ɓata 8 zuwa 12 a rana, don haka dozin biyu ne kwanciyar hankali, balle da damina da shanya ke wuya.

Wandon roban nan da ake sawa a kan nafkin kuwa, a zafin Afrilu na Kano dafa fatar yaro yake, ki bar shi sai za ku unguwa. Ki wanke sabon nafkin kafin ɗaurawa, ki ɗauraye sabulun tas, ki shanya a rana.