Amsa ga ɗan'uwan da ke nema wa ƙanwarsa tallafin karatun jami'a

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ƙanwarka ta samu gurbi a jami'ar tarayya, kuɗin rajista ya fi ƙarfin gida, kuma kana tambaya wane tallafi za ta iya samu tun a shekarar farko. Allah ya sanya albarka a karatun. Kafin a je ko'ina, ka karɓi takardunta ka shimfiɗa su a gabanka, domin a nan ne masu nema da yawa suke faɗuwa tun ba a kai ga duba cancantarsu ba.

Ka jera takardar NIN, bayanan BVN, takardar shaidar samun gurbi ta JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, da takardar ƙaramar hukuma wadda muke kira indijin. Ka karanta sunan harafi bayan harafi. Idan NIN ta ce Aisha, banki ya ce Aishatu, ko nan an rubuta Muhammad can an rubuta Mohammed, ko a wata takardar sunan mahaifi ne na ƙarshe a wata kuma sunan gari, kwamfuta za ta ɗauke su mutum biyu ne. Haka ranar haihuwa. Tun 2021 JAMB daga NIN take ɗauko suna, saboda haka galibi BVN ce ke fita daban, musamman idan an buɗe asusun tun tana sakandare. Gyaran BVN a banki ake yi, yawanci da takardar rantsuwa ta kotu, na NIN kuma a hannun NIMC yake, wato hukumar da ke ba da NIN ɗin, yana cin kuɗi da lokaci. A fara shi yanzu, kada a bari sai an buɗe shafin nema ana saura mako guda a rufe. Sannan ta tabbatar ta amsa gurbin a CAPS, wato shafin JAMB na karɓar gurbin karatu, ta buga takardar JAMB ɗin. Wanda makaranta ta ɗauka ta bayan fage, JAMB ba ta san da shi ba, zai sha wahala a nan, kuma zai sake shan ta lokacin bautar ƙasa.

Abin da ya fi kusa da ita a shekarar farko shi ne NELFUND, asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya. Amma a fahimta, bashi ne, za a biya. An sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a Mayun 2024. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, wanda na san shi ne abin da iyaye da yawa suke fara tambaya. Tsohuwar dokar 2023 ta nemi masu tsaya wa ɗalibi da kuma ƙayyade kuɗin shigar iyali, sabuwar ta cire waɗannan. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Kuɗin rajista kai tsaye ake tura wa makaranta, ba ya bi ta hannun ɗalibi, sai kuma naira 20,000 a wata na ɗawainiya da ke shiga asusunta idan ta nemi wannan ɓangaren. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Za a nemi lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibi. Inda ake yawan maƙalewa shi ne sai makaranta ta ɗora bayanan ɗalibanta tukuna. Idan shafin ya ce bai gane ta ba, sake gwadawa sau goma ba zai yi komai ba, ta je ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta na makarantar ta sa a duba sunanta. Idan kuma kun yi ƙoƙari kun biya rajistar kafin kuɗin ya iso, ku adana rasidin Remita, wato shaidar biyan kuɗin makarantar, da shi ake neman makaranta ta mayar. Kowace shekarar karatu ana sake nema.

Tallafin jiha kyauta ne, sai dai kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma yakan yi jinkiri. Duk da haka ta nema a hukumar ba da tallafin karatu ta jiharku, ta riƙe indijin na asali domin ranar tantancewa.

Sikolashif na gaske, mai tsoka, yawanci sai an shiga shekara ta biyu ko ta uku, kuma CGPA yake kallo, wato matsakaicin makin duk darussan da ɗalibi ya yi tun shigarsa. Na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya yana neman 4.0 cikin 5.0 daga shekara ta biyu. Na kimiyya da fasaha na gidauniyar MTN ga 'yan shekara ta uku ne masu aƙalla 3.5. Wannan ne ya sa nake roƙonka ka zaunar da ita ka yi mata lissafin nan. Wadda ta gama shekarar farko da 2.8, idan nauyin darussan shekarun biyu daidai ne, sai ta ci 4.2 a shekara ta biyu kafin ta taɓa 3.5. Kusan B a komai ke nan da A nan da can, a lokacin da karatun ya ƙara zafi. Maki 70 zuwa sama A ne, yana ba da 5, maki 60 zuwa 69 B ne, yana ba da 4. Darasi mai nauyi uku ya fi mai nauyi ɗaya tasiri sau uku, F kuma sifili ce amma nauyinta yana nan cikin lissafi yana jan sauran ƙasa. Yara da yawa suna ɗaukar shekarar farko lokacin sabawa da makaranta, suna raina darussan GST, wato na gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, alhali a nan ne maki ya fi arha. Kamfanonin mai da gas su ma suna bayarwa, irin su NLNG, kuma yawanci sai an zauna jarrabawar kwamfuta ta lissafi da Turanci da kaifin tunani a kan lokaci ƙayyadadde. Ta fara gwada irin tambayoyin tana duba agogo.

NELFUND da sikolashif na tarayya da na kamfanonin nan, babu ɗaya daga cikinsu da ake biyan kuɗin fom. Duk wanda ya turo mahaɗi a WhatsApp yana cewa a biya 2,000 a samu shiga, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo, ɓarawo ne.

Idan za a cike fom ɗin a kafe, wato shagon intanet, ta zauna kusa da mai bugawa ta karanta kowane layi kafin a danna turawa. Kada a yarda ya sa imel ɗinsa ko lambar wayarsa don sauri, saboda gayyatar jarrabawa da sanarwar tantancewa can za su tafi, sai an wuce wurin ku ji labari. Ta buɗe imel nata na kanta da sunanta, ta riƙe layin wayar da aka haɗa da NIN da BVN, asusun bankin kuma ya zama nata, ba naka ko na Baba ba. Takardun nan duka a ɗauki hotonsu mai tsabta, a rage musu nauyi domin shafukan suna ƙin karɓar manyan hotuna, ta ajiye kwafi a cikin imel ɗin.