Ta ina za mu fara koya wa limaman gobe kula da muhalli?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar horar da limamai da masu wa'azi. An ce mu saka kula da muhalli a manhaja, ga lokaci ya yi mana kaɗan. Ta ina za mu fara?
Wani malami daga Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku ware masa fanni na musamman, domin da jarrabawa ta matso shi za a fara jinginewa. Ku saƙa shi cikin darussan da kuke yi.

Babin tsarki ne ƙofar shiga. Ya tabbata Annabi (SAW) yana alwala da mudu guda, mudun Annabi kuwa bai kai lita 1 ba. Ku sa kowane ɗalibi ya yi alwala a kan roba, a auna ruwan da ya taru. Sannan su yi lissafi: masallaci mai mutum 200, salloli 5, in kowa ya rage lita 1, an tsirar da lita 1,000 kullum. Hadisin da ya hana bayan gida a mashaya da hanya da inuwa kuma, ku haɗa shi da ƙa'idar nisanta masai daga rijiya da mita 30, da sharar da ake zubawa a rafin Kubanni.

Masu horar da fastoci, kamar a Wusasa, za su iya ɗora irin wannan aiki a kan Farawa 2:15 a Littafi Mai Tsarki.

Sai dashen itace, inda aka fi yin asara. Irin dogon yaro ba ya jure ajiya, ku shuka shi cikin makonni kaɗan da tsinta. A cika leda da ƙasa kashi 2, yashi 1, ruɓaɓɓen taki 1, a shuka irin a ciki. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. A dasa a Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta zauna, a rami mai zurfin santimita 40, a yage ledar kafin a binne. Dashen Satumba saiwarsa ba ta kama ƙasa ba hunturu zai riske shi. A yi masa keji saboda awaki, a riƙa duba gindin saboda gara. Game da zaɓen iri, ku tuntuɓi masana noma da ke Samaru.

Kada a ba da makin wannan aiki ranar dashe. A bari sai Afrilu, a je a ƙidaya itatuwan da suka tsallake rani.