Minshari, Dannau Da Shanyewar Ɓarin Jiki: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana shekararsa 52, yana da jiki, yana da hawan jini. Minsharinsa har tsakar gida ake ji. Abin da ke tayar min da hankali shi ne, yana cikin yi sai ya yi tsit kamar numfashin ya ɗauke, can kuma sai ya zabura da gurnani. Da rana ko cikin mutane yake sai ya kama gyangyaɗi. Na yi masa magana, ya ce gajiyar kasuwa ce. Bara wansa ya samu shanyewar ɓarin jiki. (Wata baiwar Allah, Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin yi rabin aikin likita, domin mai wannan lalura ba ya sanin yana da ita, wanda ke kwana kusa da shi ne ke gani. Abin da kika siffanta ya yi kama da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Idan barci ya yi nisa, harshe da naman maƙogwaro suna saki. Ga mai ƙiba, ko mai kaurin wuya, ko mai ƙaramar haɓa, sai su rufta su toshe hanyar iska. Ki lura da ƙirjinsa a lokacin da ya yi tsit: za ki ga yana ta kokawar jan numfashi amma iska ba ta wucewa, daƙiƙa 10 ko fiye. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi, shi ne zaburar nan. Da safe ba zai tuna komai ba. Wanda abin ya yi wa tsanani, hakan na maimaituwa fiye da sau 30 a awa guda.

Ga inda shanyewar jiki ta shigo. Mai lafiya idan ya kwanta, awon jininsa kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, zuciya da jijiyoyi su samu sa'ida. Shi kuwa maigidanki, duk zabura ɗaya jininsa hawa yake yi, zuciyar ta zama kamar jakin da ke kwana da mangala a bayansa. A kwana a tashi sai hawan jinin ya ƙi jin magani, wani kuma bugun zuciyarsa ya rikice, jini ya yi gudaji a cikinta, gudajin ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike mai suna INTERSTROKE da aka buga a 2023, kan mutane kusan 4,500 daga ƙasashe da dama, ya gano masu minshari haɗarinsu na shanyewar jiki ya kusa ninka na sauran mutane sau biyu, waɗanda ake ganin numfashinsu na ɗaukewa kuwa kusan ninki uku.

Ki nemi izininsa ki ɗauke shi a waya yana barci, minti biyar ya isa. Yawancin maza sai sun ga kansu suke yarda, kuma hoton zai taimaki likita. A auna jininsa da sukarinsa, a tambaya ko akwai inda ake gwajin barci. Ba kowane asibiti ke yi ba, an fi samu a manyan birane. Kafin nan ya rage teɓa, ya daina kwanciyar rigingine, ya guji ƙwayar sa barci da sigari. Maganin da ya fi aiki shi ne na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Tana da tsada, kuma da irin wutarmu sai an haɗa da batir ko sola. Tana kawar da minshari da gyangyaɗin rana, amma babban gwajin da aka buga a 2016 bai nuna ta rage shanyewar jiki ba. Waɗanda aka gwada awa uku da ɗan kai kawai suke sa ta a dare. Don haka ko ya samu na'urar, maganin hawan jini yana nan daram, kullum.

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne. Sau da yawa nakan farka in ji an danne ni, ba na iya motsi ko magana, har nakan ga kamar wani a tsaye a ɗakin. Farkon shanyewar jiki ne? (Daga Maraɗi)

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗana, wannan dannau ne, ba shi da alaƙa da shanyewar jiki. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa, ragowar mafarkin kuma ta biyo ka ɗaki. Jikin gaba ɗaya yake kamawa, ya saki cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, ka tashi garau. Ya fi samun masu raba dare suna karatu ko latsa waya, da masu kwanciyar rigingine. Ka tsayar da lokacin kwanciya, ka kwanta a gefenka, ka ci gaba da addu'arka. Wanda ba a wasa da shi shi ne kana farke ɓari ɗaya ya yi nauyi ko magana ta sarƙe. Ko ya saki bayan minti goma, ranar za ka ga likita.

Tambaya: Mahaifinmu lafiya lau ya kwanta, da asuba muka tarar bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, aka yi ta hayaƙi da rubutu, sai kwana na biyu muka kai shi asibiti. Barcin ne ya jawo? (Daga Gusau)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ba barcin ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne: kusan mutum ɗaya cikin biyar da ke samun shanyewar jiki irin ta toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, farkawa suke yi da ita. Daga asuba zuwa hantsi jini kan hau, kuma ya fi saurin daskarewa, shi ya sa ciwon ya fi bugu a wannan tsakani.

Abin da ya ci ku shi ne kwana biyun nan, kuma don masu karatu nake faɗa, ba don in ɗora muku laifi ba. Allurar narkar da gudajin jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi, kuma likita daga lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe yake lissafi. Inda ake da MRI, na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, akan iya gane ciwon sabo ne a yi allurar ko da an farka da shi. Ko asibitin ba shi da ita, zuwa da wuri yana ceton rai. A kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa komai ta baki, ko ruwa, ko kunu, ko rubutu, domin haɗiya takan lalace, abin ya zarce huhu. Kada kuma a ba shi asfirin kafin hoton ƙwaƙwalwa. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, aka buga a 2018, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon a yankinmu jijiya ce ta fashe, ba toshewa ba, kuma asfirin ƙara zubar jinin yake yi. Addu'a kuwa a mota ma ana yin ta.

Yanzu da yake jinya, ku sa kunne da dare. Fiye da rabin waɗanda suka samu wannan ciwo suna da ɗaukewar numfashi cikin barci, kuma tana jinkirta samun sauƙi.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas. Barcina bai wuce awa huɗu ba. Goro da shayi ke riƙe ni, idan na sauka kuma barcin ya ƙi zuwa sai na sayi ƙwaya a kemis. (Daga Kano)

Amsa: Malam, babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma tun 2022 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta sa barci cikin abubuwa takwas da take auna lafiyar zuciya da su. A binciken 2023 da na ambata, masu barcin ƙasa da awa biyar haɗarinsu na shanyewar jiki ya ninka na masu awa bakwai sau uku. Ban ce kowane adadi a ɗauke shi kamar yankan wuƙa ba, tunda bayan ciwon ya faru aka tambayi mutanen yadda suke barci, amma mun san ƙarancin barci yana ɗaga jini, yana rikita sukari, yana sa ƙiba. Goron da ka ci, bayan awa biyar rabin ƙarfinsa na nan a jininka, don haka ka ajiye shi tun awa shida kafin lokacin da kake sa ran kwanciya. Ƙwayar kemis kuwa, irin su diyazifam, ita ta fi ba ni tsoro: tana kama mutum, tana ƙara sakin maƙogwaro ga mai minshari, kuma magaginta na bin ka har kan sitiyari. Idan ka daɗe kana sha, kada ka yanke lokaci guda, likita zai rage maka a hankali. Ka riƙa auna jininka duk wata.

Tambaya: Mahaifiyarmu takan yi awa goma da dare, ta ƙara biyu bayan azahar. Mun ji an ce yawan barci ma yana kawo ciwon. Mu riƙa tashinta? (Daga Kumasi)

Amsa: A'a, tashin Hajiya ba magani ba ne. Gaskiya ne wani bincike a Sin kan mutane sama da 31,000 ya ga ƙarin haɗari na kusan kashi 25 cikin ɗari ga masu awa tara ko fiye, haka ma masu ƙailular da ta wuce minti 90. Ni dai a ganina yawan barcin alama ce ta wani abu da ke ɓoye: ciwon sukari, ƙarancin jini, damuwa, wani magani da take sha, ko barcin dare marar inganci. Wannan za a nema. Ƙailular rabin awa ba ta da laifi.

Tambaya: Ɗana mai shekara shida sikila ne, yana minshari sosai, baki buɗe yake barci. An ce in kai shi wurin wanzami a cire masa beli. (Daga Katsina)

Amsa: Maman yaro, kada ki kai shi. Ba beli ba ne ke toshe shi, galibi naman gefen maƙogwaro ne da na bayan hanci suka kumbura, kuma zubar jini ga mai sikila ba ƙaramin abu ba ne. Minsharin yaro mai sikila ya fi na kowa buƙatar kulawa, domin raguwar oksijin da dare na sa ƙwayoyin jininsa su lanƙwashe, kuma an ga alaƙar hakan da shanyewar jiki. Idan ba a ɗauki matakin kariya ba, kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan yara kan same ta kafin shekara 20. Ki kai shi ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro, sannan ki tambayi asibitin sikilarsu gwajin TCD, wanda ake ɗora na'ura a gefen kai a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba zafi, kuma duk shekara ake so a yi daga shekara 2 zuwa 16. Idan sakamakon ya nuna haɗari, akwai maganin haidroksiyuriya. Gwajin da aka yi a asibitocin Arewa, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya nuna yana kare yara. Ranar da za ki je, ki tafi da hotonsa yana barci a wayarki.