Tambayi Likita: Wai nama ya tsiro a cikin sitent ɗin Baba

Salamu alaikum Dokta. Ni 'yar unguwar Nima ce a Ankara (Accra), Ghana, shekara 6 kenan da aka saka wa Babanmu sitent (ɗan ƙarfen da ke buɗe jijiyar da ta toshe) a jijiyar zuciya, irin mai maganin nan, kuɗin ma sai da yayyena suka haɗa kuma aka ce mana shi ba ya toshewa. Toh tun bayan babbar Sallah in zai tafi masallaci sai ya tsaya a hanya ya dafe ƙirji, an duba an ce wai nama ne ya tsiro a ciki. Nama kuma cikin ƙarfe? Ko dai jabu aka saka masa?

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba Alhaji lafiya. Kwantar da hankalinki, tsirowar nama ba alamar jabu ba ce, sai dai wanda ya ce muku ba ya toshewa sam ya zuzuta abin.

Ki buɗe biro ki kalli ɗan sifirin ɗin nan na ciki, to kusan haka sitent yake, raga ce mai faɗin kamar milimita 3. Lokacin da ake buɗa ta tana ɗan ji wa bangon jijiya ciwo, shi kuma jiki duk inda ya ji ciwo sai ya yi tabo, kuma mu ma likitoci muna son naman nan ya lulluɓe ƙarfen amma siriri, in ya yi kauri ne hanyar jini ke tsukewa. Na farko da aka saka wa mutum a Faransa a 1986 ƙarfe ne zalla, kuma irinsu cikin mutum 10 sai biyu ko uku su sake tsukewa cikin watanni. Shi ya sa aka kawo masu magani, Turai a 2002, Amurka a 2003, ana shafa musu sirolimus (maganin da aka samo daga ƙasar wani tsibiri, Rapa Nui, ikon Allah) don ya rage wa naman gudu, sai abin ya koma ƙasa da ɗaya cikin 10.

Amma fa kin ga maganin ƙarewa yake cikin 'yan watanni, ƙarfen kuwa yana nan har abada. Bayan shekaru naman na iya ci gaba da kauri a hankali, wani lokacin ma kitse ne ke taruwa cikin sabon naman kamar dai yadda ya toshe jijiyar tun farko, musamman ga mai ciwon suga ko mai shan taba ko wanda ya ajiye maganin kitse saboda ya ga ya ji sauƙi. Ban san ko Alhaji na ciki ba amma dattawanmu na Zango akwai su da wannan hali, sai ka ga kwalin magani a kan firiji ƙura ta rufe shi.

Ana gyarawa. Ko a buɗa wurin da balan-balan mai magani, ko a saka wani sitent cikin tsohon, in abin ya yi yawa a yi tiyatar sauya wa jini hanya, kuma a nan Ankara akwai cibiyar zuciya ta Korle Bu. Kada ya daina asfirin sai likitansa ya ce. In ciwon ya kama shi yana zaune, da zufa, kada ku jira gari ya waye ko ku tsaya neman trotro (motar haya), ku kira lambar gaggawa 112. Ranar ganin likita ku tafi da katin sitent ɗin da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya in akwai.