Kumburin cinya da ya ƙi sacewa bayan faɗuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ya faɗi a babur wata uku da suka wuce, cinyarsa ta kumbura. Maɗori ya ce targaɗe ne, a kemis aka ce jini ne ya taru. Babu zafi, sai dai girma yake ƙarawa, yanzu ya fi ƙwan kaza. Mu kai shi wanzami ya yi masa ƙaho? Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada a yi ƙaho, kada a tsaga, a kuma daina murzawa. Jinin buguwa yakan fara sacewa cikin 'yan makonni. Kumburin da ya haura mako 6 yana ƙaruwa sai an bincike shi, domin akwai ciwon dajin tsoka da kitse da jijiyoyi da likitoci ke kira sarkoma, kuma a cinya ya fi fitowa. Ba faɗuwar ce ke haifar da shi ba. Sau da yawa yana nan tun tuni, buguwar ce ta sa aka lura. Rashin zafi ma kada ya kwantar muku da hankali, haka yawancinsu suke farawa.

Abin da muke dubawa: ya wuce santimita 5, yana can ƙasan nama ba a fata ba, yana girma, ko an cire ya dawo. Naku ya riga ya cika biyu.

Ku je Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika. Hoton ƙashi kaɗai ba ya nuna wannan ciwo sosai, hoton MRI mai nuna cikin nama ake so, kuma kafin a taɓa wurin. Bayansa a ɗebi ɗan nama da allura mai kauri a kai ɗakin gwaji. A nan ake yawan kuskure: sarkoma kan zubar da jini a cikinsa, idan aka zuƙa da sirinji aka ga jini sai a ce shi ke nan, a sallami mutum. Wanda ya fi wannan muni shi ne a fiɗe shi a ƙaramin asibiti ba tare da hoto ba. Ragowar ciwon na zama a ciki, ya watsu cikin naman da wuƙa ta bi, aiki na biyu ya fi na farko girma.

Idan ya tabbata, za a yi hoton CT na ƙirji, don huhu ne inda ya fi zuwa. Ana cire ciwon haɗe da lafiyayyen nama a kewaye, wani lokaci a ƙara da gashin na'ura mai kashe ƙwayoyin daji, kuma yawanci ba a yanke ƙafa. Allah Ya ba shi lafiya, ku tafi cikin makon nan.