Koyoti ya addabi kajina a Ohayo, maigida ya ce guba zai sa

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Muna zaune a bayan garin Kolombus, jihar Ohayo ta Amurka, gida mai ɗan fili. Ina kiwon kaji goma sha biyu da awaki uku, ga kuma mage. Cikin wata guda wata dabba mai kama da kare, wadda maƙwabta ke kira koyoti, ta ɗauke min kaji uku. Jiya da hantsi na gan ta tsaye bakin shinge tana kallona, ko gezau. Autana shekararsa uku. Maigida ya ce guba zai sa a nama. Ina neman shawararka. Daga Maman yara, Ohayo.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Kafin komai, don Allah ki lallashi maigida ya bar zancen guba. Doka ta hana, sannan nama mai guba ba ya zaɓen mai ci: magenki, karen maƙwabta, mikiya, duk suna iya riga koyotin kaiwa gare shi. Ga kuma yaro ɗan shekara uku da komai ya tsinta sai baki.

Koyoti ɗan'uwan dila ne, malamin daji na tatsuniyoyinmu, kuma wayon nasu ɗaya. Ya fi dilanmu jiki, yawanci kilo 10 zuwa 20, na gabashin Amurka sun fi girma saboda jininsu ya gauraya da na kyarkeci. In ban da Hawayi, babu jihar da ba ya nan. Tun shekarar 2000 Farfesa Stan Gehrt na Jami'ar Jihar Ohayo da ɗalibansa suke bin diddigin waɗanda ke zaune cikin Shikago da kewayenta, suna ɗaura musu na'ura a wuya. Abin da suka gano shi ne yawancin cimarsu ɓeraye ne da zomaye da 'ya'yan itace da naman barewa, kuma akasarinsu suna ƙaurace wa mutane, sai dare ya raba suke fitowa. Dubbai na rayuwa cikin gari mutane ba su ma sani ba.

To me ya sa naki ya tsaya yana kallonki da hantsi? Wannan ya fi damuna a kan kajin. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Koyotin da ya saba samun abinci a gida, ya ga mutane suna wucewa ba mai ce masa uffan, tsoro yakan fita daga ransa sannu a hankali. Kisan mutum da koyoti ya yi wanda aka tabbatar sau biyu ne kacal: yarinya 'yar shekara uku a Gilendel ta Kalifoniya a 1981, da budurwa 'yar shekara 19 a wani gandun daji na Noba Skoshiya a Kanada a 2009. Abu ne da ba kasafai ba, karnukan gida sun fi shi cizon mutane nesa ba kusa ba. Amma ki lura da shekarun yarinyar farko. Kada autanki ya yi wasa a fili shi kaɗai, ko na minti biyar ne.

Yau da magariba ki zagaya gidanki kina tambayar kanki: me ake ci a nan? Mu Hausawa ba ma son zubar da abinci, sauran shinkafa ko tuwo sai mu watsa wa kaji a tsakar gida. Da safe babu laifi, amma abin da ya kwana a ƙasa na ɓera ne, ɓera kuma shi ke jawo koyoti. Haka kwanon mage da aka bari a baranda, da tuffa da ta faɗo ƙarƙashin bishiya, da kwandon shara marar murfi, da tsabar da ke zuba daga abincin tsuntsaye. Sai babba a cikinsu, wanda na sha gani a gidajen 'yan'uwanmu: yankan layya ko na suna. A yanka rago a bayan gida, a tona ɗan rami mai zurfin kamu ɗaya a zuba jini da tumbi, a shanya fata a kan shinge. Washegari sai ka tarar da ramin a tone, sawu ko'ina. Daga ranar ya san gidan. Ko a yi yankan a mayanka, ko a ƙulle kayan cikin a leda mai kauri a fitar da su ranar. Mushen kaza da mabiyiyar akuya bayan haihuwa su ma haka.

Akurki kuma a rufe shi kafin rana ta faɗi, kullum, ba fashi. Siririyar wayar kaji ba ta tare komai, an yi ta ne don kada kaza ta fita. Ki nemi raga mai kauri mai ƙananan idanu, a rufe har sama, a kuma shimfiɗa ta a ƙasa ta waje kamar rabin mita a binne, domin koyoti gwanin tono ne. Shingen awaki ya kai mita 1.8, kada ya bar gibi a ƙasa, in da hali a ja wayar lantarki ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya a sama. Awakin su kwana a ɗaki, musamman masu ciki da 'yan jarirai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mage kuwa ta zauna cikin gida, don a waje ba ta da bambanci da zomo a idonsa. A kuma tabbatar an yi mata allurar haukan kare.

Masu manyan garke sukan ajiye karnukan tsaro irin su Kangal na Turkiyya, wasu kuma jaki, wanda Allah ya halitta da ƙin duk wani mai kama da kare. Jaka ɗaya ake sakawa ko dandaƙaƙƙen jaki, in suka zama biyu sai su shagala da juna su bar garken. Amma awaki uku ba su kai a ɗauko wannan ɗawainiya ba, ɗaki mai ƙofa ya ishe ki.

Yanzu sai a mayar masa da tsoronsa. In kin sake ganinsa, ki ɗauki yaron, ki tsaya cak kina fuskantarsa, ki ɗaga hannu, ki daka masa tsawa iya ƙarfinki. Ki kaɗa gwangwani mai tsakuwa, ki buga murfin tukunya, ki watsa masa ruwa da tiyo, ki jefa dutse kusa da shi. Kada ki juya baya, kada ki gudu, gudu yana tayar masa da halin farauta. Sau da yawa zai ja baya kaɗan ya tsaya ya waiwayo. Nan mutane ke kuskure su koma ɗaki. Ki ci gaba har sai ya ɓace miki gaba ɗaya. Ki kuma yi wa maƙwabta magana, don in gida ɗaya na ciyar da shi, wahalar sauran ta tashi a banza. Sai dai daga Afrilu zuwa wajen Yuli suna da 'ya'ya a rami, in ya tare ki kusa da kurmi ya ƙi matsawa, ki ja da baya a hankali ki sauya hanya.

Ki gaya wa maigida ko da ya kashe wannan, wurin ba zai daɗe babu kowa ba. Kowane iyali na da yankinsa da yake karewa, akwai kuma marasa yanki da ke yawo suna jiran gurbi, cikin 'yan makonni wani ya maye. Amma idan bayan sati biyu na tsawa bai daina tunkarar mutane ba, ko ya bi yaro, ko kika ga yana tangaɗi, gashinsa ya zube, yawu na dalala, kada ki kusance shi. Ki kira ofishin kula da namun daji na jiharku, su haɗa ki da masu izinin cire irin wannan. In kuwa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.